Kwana Biyu a Daji: Atisayen Ƙarshen Mako na Ɗaliban Soja a Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

A ƙasashenmu, matashin da yake son zama hafsan soja makaranta ta musamman yake nema, ya bar gida ya koma zaman bariki har ya gama. Gana tana da irin wannan makaranta a Teshi tun 1960, Nijeriya tana da tata a Kaduna tun 1964, ta Kamaru kuma tana Yawunde. Amurka ma tana da West Point, wadda aka kafa a 1802. Sai dai ba West Point ce ke fitar da mafi yawan hafsoshin sojan ƙasa na Amurka ba. Babbar ƙofar tana cikin jami'o'in farar hula, a ƙarƙashin wani tsari da ake taƙaita sunansa da haruffan ROTC. Ɗalibi yana karatun lissafi ko tarihi ko aikin jinya tare da kowa, yana kwana inda ɗalibai ke kwana, amma a gefe guda ana koya masa aikin hafsa. Da ya karɓi digiri sai a liƙa masa muƙamin ƙaramin laftanan. Irin wannan ɗalibi shi za mu riƙa kira ɗalibin soja a cikin wannan takarda.

Sau ɗaya a kowane zangon karatu, wato sau biyu a shekara, akan kwashi waɗannan ɗalibai ranar Juma'a a kai su daji, ba za su dawo ba sai Lahadi. Wannan fita ita ce takardar za ta bayyana. Wanda ya ga hotunanta, ya ga bindigogi da hulunan kwano da fuskoki shafe da baƙi da kore, zai ɗauka harbi ake koyo. Akan yi harbi, amma ba shi ne jigon ba. Abin da ake aunawa shi ne ko ɗan shekara 20, wanda bai yi barci ba, ga yunwa, zai iya tsayawa gaban tsararrakinsa ya faɗa musu abin da za a yi da kalmomin da ba za su ɗauki ma'ana biyu ba. Ke nan batun ya shafi ɗalibin harshe fiye da yadda zai zata.

2.0 Yadda Kaki Ya Shiga Jami'a

A shekarar 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar Morrill. Dokar ta bai wa jihohi filaye su sayar, su kafa kwalejojin koyon noma da aikin injiniya da kuɗin, da sharaɗin a haɗa da koyar da dabarun soja. Dalili a fili yake: yaƙi ya zo, sojoji sun yi yawa, waɗanda suka san yadda ake jagorantarsu sun yi ƙaranci. ROTC da sunansa ya samu ne a 1916, shekara guda kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. An daɗe ana tilasta wa ɗalibai maza shiga na shekara biyun farko a jami'o'i da yawa. Har wasu ɗalibai a Kalifoniya suka kai ƙara saboda addininsu bai yarda da yaƙi ba, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1934 cewa jami'a tana da ikon tilasta musu.

Yaƙin Biyetnam ne ya girgiza tsarin. Ɗalibai masu adawa da yaƙin suka mai da gine-ginen ROTC abin huce haushi. A jami'ar Kent da ke jihar Ohayo an ƙone ginin ranar 2 ga Mayu, 1970. Bayan kwana biyu dakarun jiha suka buɗe wuta suka kashe ɗalibai 4, kuma ɗaya daga cikinsu ɗalibin ROTC ne. Harvard da wasu manyan jami'o'i sun rabu da tsarin a wannan zamani, Harvard ba ta sake buɗe masa ƙofa ba sai 2011. An fara karɓar mata a ɓangaren sojan ƙasa a 1972, rukunin farko suka zama hafsoshi a 1976. Yanzu shiga ganin dama ne, kuma abin da ke jan mutane da yawa shi ne kuɗi, domin tun daga dokar 1964 soja yana biya wa wasu kuɗin makaranta, a ƙasar da karatun jami'a kan bar mutum da bashin shekaru. Ladan kuwa ba kyauta ba ne. Wanda ya karɓa ya ɗaure kansa da hidimar shekara 8, galibi 4 daga ciki cikin kaki dare da rana, sauran a matsayin sojan ko-ta-kwana. Janar Colin Powell, wanda ya shugabanci hafsoshin Amurka daga 1989 zuwa 1993, ta wannan ƙofa ya shigo, daga wata kwalejin birnin New York, a 1958.

3.0 Ranar Juma'a

A sauran makonni ɗalibin soja yana motsa jiki da asuba kamar sau uku, yana da darasin aji, yana kuma da wani darasin na gwaji a filin makaranta. Duk waɗannan awa ɗaya ne ko biyu, a watse kowa ya kama gabansa. Fitar daji ce kaɗai take riƙe shi dare da rana. Wurin da ake zuwa yakan kasance filin atisaye na wani barikin soja ko na dakarun jiha, wani lokaci jami'o'i biyu ko uku su haɗu.

Kafin a hau mota akwai duba kaya. Kowa zai zazzage jakarsa ta goyo a ƙasa, a kira abu ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga a nuna: buhun barci, mayafin ruwa, safa, gorar ruwa, tocila mai jan haske, kamfas, usur. Idan aka ɗaure, jakar takan kai kilo 16 ko ta wuce, ban da bindiga da hular kwano da ruwan sha. Wanda ya manta safa ba shi kaɗai ake tuhuma ba, har da shugaban rukuninsa, wanda shi ma ɗalibi ne. Daga nan darasin ya fara.

Domin a gane abin da ke biye, sai an san rabon aiki. Ƴan shekarar farko da ta biyu su ne mabiya, kuma daga cikinsu akan ɗebi waɗanda za su yi wasan abokan gaba. Ƴan shekarar ƙarshe su suke tsara fitar gaba ɗaya, tun daga mota har abinci, kuma suna taya malamai duba na ƙasa da su. Malaman kuwa sojoji ne na gaske, hafsoshi da sajan-sajan. Nauyin yana kan ƴan shekara ta uku. Su ake ba jagorancin ƙaramin rukuni na mutum 9, ko babba na mutum wajen 40, kuma karɓa-karɓa ake yi. Wanda ya ba da umarni da hantsi, da la'asar shi ke ɗauke da babbar bindiga a bayan wanda ya daka wa tsawa ɗazu.

3.1 Neman Hanya

Jarrabawar farko mutum shi kaɗai yake yin ta. Ana karɓe wayar hannu. A ba ɗalibi taswira da kamfas (waɗanda suka yi makaranta da Faransanci sun san shi da sunan busol) da ɗan ma'aunin kusurwa na roba, sannan a ba shi takarda mai lambobin wasu wurare, alal misali guda 5, a ce ya nemo su cikin awa 4. A kowane wuri an kafa ƙaramin turke mai alama, wadda zai kwafo ta zama shaidar ya je.

Taswirar soja an raba ta gida-gida kamar filin dara, kowane gida kilomita ɗaya ne tsawo da faɗi. Lambobin da aka ba shi suna nuna gidan da kuma gurbi a cikin gidan. Lamba mai alƙaluma 6 tana kai mutum cikin mita 100 na abin da yake nema, mai 8 cikin mita 10. Ƙa'idar karantawa guda ce, a fara zuwa dama sannan a hau sama. Wanda ya juya wannan ƙa'ida zai yi tafiyarsa daidai, ya isa wani wuri dabam.

Akwai wani tarko kuma. Arewar da allurar kamfas take nunawa ba ita ce arewar taswira ba. A ƙasar Hausa bambancin ɗan kaɗan ne, amma a kusurwoyin Amurka na arewa maso gabas da arewa maso yamma yana kai wajen digiri 15, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. Kuskuren digiri ɗaya tak yana kauce da mutum kimanin mita 17 a tafiyar kilomita guda. Wanda ya manta gyaran digiri 15 zai kauce da fiye da mita 250, a cikin kurmin da ba a hango abin da ke gaba da mita 30. Nisa kuma da ƙafa ake auna shi. Kowa ya riga ya ƙirga sau nawa ƙafarsa ta hagu take taka ƙasa a mita 100, yawanci tsakanin 60 da 70 ne, kuma ya san lissafin yana ƙaruwa a hawa da cikin taɓo da cikin duhu. Wasu suna rataye da ɗan zare mai ƴaƴan carbi, 9 a ƙasa 4 a sama, suna jan ɗaya a kowace mita 100 don kada ƙirga ta ɓace.

Idan rana ta faɗi sai a sake sakin su. Ba a kunna farin haske, jan kawai ake haska taswira da shi. Kafin a tafi ana faɗa wa kowa wata nahiya guda wadda in ya ɓace ya bi ta zai faɗa kan titi, ga kuma usur a wuya. Mai karatu zai iya tambaya, ina amfanin wannan wahala a zamanin da kowace waya take nuna wa mutum inda yake? Yaƙin Yukiren da ya faɗaɗa a 2022 ya ba da amsa, domin a can an ga yadda ake toshe saƙon tauraron ɗan Adam ko a gurɓata shi, an kuma ga yadda wayar da aka kunna take tona asirin mai ita. Amma a ganina akwai dalilin da ya fi wannan tsufa. Ɗalibin da ya tsaya shi kaɗai cikin dare, zuciyarsa tana ce masa hanya tana hagu, kamfas yana cewa dama, dole ya zaɓi wanda zai gaskata. Gobe mutum 40 ne za su biyo bayan wannan zaɓi.

3.2 Umarni

Asabar ita ce ranar aikin rukuni. An shirya wasu fagage a cikin dajin, kowanne da matsalarsa: kwanton ɓauna a bakin hanya, farmaki kan wani ɗan sansani, leƙen wani tudu a dawo da labari ba tare da an gan ku ba. Harsashin da ake sa wa bindiga na wofi ne, yana ƙara da hayaƙi amma babu abin da ke fita. Malami zai kira wanda jagoranci ya faɗo kansa gefe, ya karanta masa umarnin da ya zo daga sama, ya ce ga lokacin da za a tashi. Daga wannan minti agogo ya fara cinsa.

Ƙa'ida ta farko ta rabon lokaci ce. Shugaba ba zai ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacin shiri ba, kashi biyu na mabiyansa ne. In awa ɗaya aka ba shi, minti 20 ne nasa, har da faɗar umarnin. Sababbi kusan duk a nan suke faɗuwa. Su duƙufa kan littafin rubutu suna neman dabarar da ba ta da aibi, mutanensu na zaune ba su san ko gabas za a yi ko yamma ba. Shi ya sa ake koya musu su fara jefa ɗan gajeren gargaɗi tun kafin su yi tunani: ga irin aikin, ga lokacin tashi, wane da wane ku ɗauko kaza.

Umarnin kansa yana da sassa 5 da ba a sauya jerinsu. A fara da halin da ake ciki, wato ƙasa da yanayi da abokan gaba da ƴan'uwa na kusa. Sai aikin da aka ba mu. Sai yadda za a yi shi. Sai guzuri da harsashi da inda za a kai wanda ya ji rauni. Daga ƙarshe wa ke shugabanci, wa zai gaje shi in ya faɗi, da yadda za a yi sadarwa. Amfanin jerin da ba ya canjawa shi ne mai sauraro da ya gaji ya san inda zai kasa kunne, in kuma an tsallake wani abu zai ji giɓin. Sashe na biyu jimla ɗaya ce, kuma sau biyu ake faɗar ta. Dole ta amsa tambayoyi 5: wa, me, yaushe, ina, don me. Ga misali da za mu iya ƙirƙira da Hausa: rukuni na biyu zai yi kwanton ɓauna a mararrabar da ke lamba kaza kafin ƙarfe 14:30, domin hana abokan gaba kai guzuri tudun arewa. A lura da ƙarshen jimlar. Wannan "domin" shi ne mafi tsada a cikinta, saboda in an isa mararraba aka tarar motar guzuri ta sauya hanya, wanda ya san dalili zai san abin yi, wanda bai sani ba zai kwanta yana gadin hanyar da ba kowa.

A nan ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya ya dubi harshensa. Muna da wakilin sunan nan "a" wanda ba ya nuna kowa: a je a duba, a kawo ruwa, a kula da baya. A zaman gida wannan ladabi ne, hanya ce ta sa mutum aiki ba tare da an nuna shi da yatsa ba, kuma babba yakan yi wa na ƙasa da shi magana haka don ya rufa masa asiri. A umarnin daji kuwa guba ne. In shugaba ya ce a kula da baya, mutum 9 za su ji, kowa ya ɗauka da ɗan'uwansa ake. Ingilishi ma yana da hanyoyinsa na ɓoye mai aiki, kuma malaman suna farautar su a bakin ɗalibi kamar yadda ake farautar ƙaya a tuwo. Dole a kira suna, a faɗi aiki, a faɗi lokaci. Haka kalmominmu na lokaci, an jima, da hantsi, bayan la'asar, suna da faɗin da ya dace da noma da kasuwa, amma rukuni biyu da za su haɗu a wuri guda daga hanyoyi biyu ba za su iya aiki da su ba. Sai kuma aikatau masu ƙarewa da "o", irin su fito, komo, gangaro, waɗanda ke nuna motsi zuwa wajen mai magana. Ido da ido suna da kyau ƙwarai, gajeru ne kuma a fili. Ta rediyo kuwa, in mai sauraro bai san inda mai magana yake ba, "gangaro" bai faɗa masa komai ba. A ɗaya gefen Bahaushe yana da riba: tun yana yaro yake jin matsa gabas, ajiye shi kudu da rumbu. Yawancin ɗaliban Amurka da hagu da dama suka tashi, sai an koya musu tunani da nahiyoyi.

Kada a ɗauka Hausa ba ta taɓa ɗaukar wannan kaya ba. Tun daga ƴan sandan da Glover ya tara a Ikko a 1863, har rundunar da Lugard ya kafa a 1897, Hausa ce harshen bariki a wasu daga cikin yankunan da Ingila ta mallaka a nan yamma, kuma hafsoshin Turawa sai da suka zauna jarrabawarta. Taken rundunar Gana ta wancan zamani da Hausa yake: Kullum Shiri. Hausar da ta fito daga wannan zama, wadda ake kira Barikanci, ta zubar da bambancin jinsi da sauran ƙawa da yawa, ta bar abin da kurtu daga kowace ƙabila zai kama da sauri. Daga can muka gaji samanja da kofur da fareti da kurtu da hafsa kansa, kamar yadda kumandan ya shigo ta ɓangaren Faransa.

Mu koma daji. Shugaba ba ya tsayawa ga baki kawai. Akan share ƙasa a zana wurin da za a je, a tara ƙasa ta zama tudu, a ja zare ya zama rafi, a kafa tsinke ya zama abokin gaba. Bayan ya gama sai ya juya tambaya: kai wane, faɗa mini abin da za ka yi in mun isa. Ba ya tambayar ko an gane, don kowa zai gyaɗa kai. Sannan a tashi a gwada tafiyar a ɗan fili, ba a fafe gora ranar tafiya. Da an kama hanya magana ta ƙare, sai alamun hannu.

Rediyo ma yana da nasa harshen. Haruffa suna da sunaye, Alfa, Bravo, Charlie, tsarin da aka daidaita a 1956 don kada "b" da "d" su rikice cikin ƙara. Lambar tara ta Ingilishi akan ƙara mata gaɓa a ce "niner" saboda kada a ji ta kamar biyar. Wanda bai ji saƙo ba kuma ba ya amfani da kalmar "repeat", domin a wajen masu igwa ma'anarta a sake harbawa inda aka harba, sai ya ce "say again". Da dare, in wani ya doso, akwai kalmar tambaya da kalmar amsa. Wani lokaci lamba ce mara, misali 7: mai gadi ya ce 3, mai zuwa ya ce 4. Dalilin zaɓen mara shi ne kada baƙo ya tsira ta hanyar maimaita abin da ya ji.

Duk wannan shiri, da an yi harbin farko yakan wargaje, kuma malamai suna taimaka masa ya wargaje. Malami zai dafa kafaɗar shugaba ya ce ka mutu, kwanta. Ko ya nuna mai ɗauke da rediyo ya ce an harbe shi a cinya. Sai ya koma gefe da alƙalami yana kallo: wa zai buɗe baki, cikin daƙiƙa nawa, kuma abin da ya faɗa ya yi daidai da dalilin da aka bayar tun farko?

3.3 Dare da Ciki

Abinci a leda yake zuwa, kowace leda cin mutum ɗaya, da ƙarfin kalori wajen 1,250. A ciki akwai wata ƴar jaka mai garin ƙarfe wadda in an zuba mata ruwa take zafi ta ɗumama abincin ba wuta ba hayaƙi. Akwai na halal ga wanda ya nema tun da wuri. Sau da yawa ba a samun zaman ci, sai a tsinka leda a riƙa jefawa a baki ana tafiya.

Wurin kwana ba tanti ba ne. Rukuni yakan shiga wani surƙuƙi ya kwanta a kewaye, kowa bindigarsa na kallon waje. Ayyuka suna da jeri: tsaro tukuna, sai goge bindiga, sai duba ƙafa da sauya safa, sai ci, barci ne na ƙarshe. Ba a taɓa yin barci gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin uku ko rabi suna farke, ana canji. Kafin ketowar alfijir kuma a ta da kowa ya kwanta bayan bindiga shiru, don an san lokacin ne aka fi kai hari. Wanda ya samu awa 3 ya yi sa'a. Shugaba shi ke zagayawa yana taɓa ƙafar masu gadi ya ga ko sun yi gyangyaɗi, kuma an hore shi ya ci bayan kowa ya ci.

Abokan gaban na wasa ne, amma dajin ba na wasa ba ne. Akwai kaska mai sa cutar Lyme, akwai wani ganye mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje wanda ya fi karara naci, akwai bororo a ƙafa, akwai sanyin da ke kama wanda ya jiƙe, da zafin da ke kayar da wanda bai sha ruwa ba. A watan Yuni na 2011 tsawa ta faɗa kusa da ɗaliban ROTC na sojan sama a wani sansani a jihar Misisipi, aka kai 77 asibiti. Saboda irin wannan ne kowa yake da abokin da ba ya rabuwa da shi, kuma ake ƙirga kawuna a duk inda aka tsaya.

3.4 Bita

Bayan kowane fage akan zauna a ƙasa a yi bita. Sojan Amurka ya ɗauki wannan al'ada ne bayan Biyetnam, kuma tambayoyinta 4 ne: me aka yi niyya, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za a gyara. Wanda ya yi wasan abokin gaba shi ma yana magana, ya ce tun daga rafi na ji ƙarar gorarku. Ɗan shekarar farko yana iya cewa bai ji umarnin ba sam, a gaban wanda ya ba da shi. Ga wanda ya tashi cikin kunya da kara wannan zama yana da nauyi, don mu mun saba a ja mutum gefe, ko a bi ta bakin wani. Su ma ba haka aka haife su ba, koya musu ake yi, kuma dabarar ita ce a yi magana kan aikin, ba kan halin mai aikin ba. Daga baya malami zai keɓe da shugaban ya ba shi takardar da aka rubuta ƙarfinsa da rauninsa.

Wannan takarda ita ce tushen babban aibin tsarin. Tun da kowa za a auna shi, kuma kowa zai zama mabiyin wani, sai ban gishiri in ba ka manda ta shigo: na yi maka biyayya da safe don ka yi mini da yamma. Akwai kuma masu aikin ganin ido, waɗanda muryarsu ke tashi in malami na kusa, in ya juya su jingina da itace. Malamai sun san da su, shi ya sa a babban sansani akan sa ɗalibai su auna junansu, kuma a nan irin waɗannan suke tonuwa. Ban da haka, fagagen sun yi kama da juna shekara da shekaru, har ɗalibi mai wayo yana iya haddace amsa. Harsashin wofi kuma ba ya koya wa kowa tsoro. Wanda ya miƙe tsaye a fili ana harbinsa babu abin da zai same shi sai faɗan malami. Ina ganin masu sukar suna da gaskiya in suka ce kwana biyu ba sa mai da kowa mayaƙi. Inda ban bi su ba shi ne zaton cewa an yi nufin haka. Gajiyar ta gaske ce, duhun na gaske ne, idanun tsararraki 9 da ke jiran ka buɗe baki su ma na gaske ne, kuma waɗannan sun isa su nuna wanda harshensa ke sarƙewa.

4.0 Lahadi da Abin da Ke Bayanta

Safiyar Lahadi akan rufe da tafiyar ƙafa ɗauke da kaya, ko tsallake shingaye, ko saukowa daga hasumiya da igiya. Sannan aikin da kowa ya ƙi jini, wato goge bindiga. Harsashin wofi ya fi na gaske barin baƙin toka, kuma mai ajiyar makamai yakan mayar da bindiga sau uku yana nuna ɗan baƙin da ya samu da tsinken auduga. Sai ƙirgar kaya masu lamba: bindigogi, rediyo, tabaran ganin dare. In ɗaya ya ɓace babu mai hawa mota. Kowa zai koma dajin, a jeru kafaɗa da kafaɗa ana tona ganye har a gan shi.

Ga ɗan shekara ta uku, duk wannan share fage ne. A hutun bazara mai zuwa zai tafi barikin Fort Knox a jihar Kentaki, inda tun 2014 ake tara ɗaliban ƙasar gaba ɗaya na kimanin kwana 35, a sake auna shi a kan abubuwan nan, a tsakanin mutanen da bai taɓa gani ba kuma ba su da bashin biyayya a kansa. Sakamakon can, da makinsa na jami'a, da gwajin ƙarfin jiki, da ra'ayin kwamandan makarantarsa, su ake haɗawa a jera ɗalibai daga na farko zuwa na ƙarshe. Jerin yana da hannu wajen yanke ko zai samu aikin soja na dindindin ko na ko-ta-kwana, da kuma fannin da za a tura shi. Wanda ya janye bayan ya ci kuɗin tallafi, ban da shekarar farko, ana iya sa shi ya biya, ko ya yi hidimar a matsayin ƙaramin soja. Wanda ya kai ƙarshe kuma, yana ɗan shekara 22 za a iya damƙa masa mutum 40, tare da sajan da ya girme shi da shekara 10 ko fiye, wanda ya ji umarnin laftanan iri-iri kafin nasa.

Motar takan iso harabar jami'a da yammacin Lahadi. Ranar Litinin da safe akwai lacca, kuma malamin lissafi bai ɗage ranar karɓar aikin gida ba.